Ba Hannunsa Suka Saya Ba

Ƙwallon ta zo ƙasa-ƙasa ta bayan ƙugunsa, irin jifar da in ta faɗi ba a ganin laifin mai cafewa, amma Rondell Tibbs, a atisayen sabuwar ƙungiyarsa, ya karkace a guje ya ɗauke ta da yatsu, ya ja ƙafafunsa biyu a cikin layi kafin ya fita. Ya ɗago ya duba ko wa ya gani. Kocin masu cafe ƙwallo ya ba shi baya yana hira da likitan ƙungiya. Mai ɗaukar bidiyon atisaye ma wani gefen ya karkata kyamararsa.

Rondell ya wurgar da ƙwallon da ƙarfin da ya wuce kima, ta bugi bokitin ruwa.

Shekara bakwai ya yi wa tsohuwar ƙungiyarsa wasa. Makon jiya aka kira shi ofis, aka gode masa, aka miƙa masa baƙar ledar shara ya zuba kayansa. Masu ƙungiyoyin nan suna son cewa su da 'yan wasansu iyali ɗaya ne, kuma manyan maza masu gemu suna yarda, har da ƙwalla. Ya zauna a gida yana wanke motar da ba ta yi datti ba, matarsa Latrice tana bin sa da ido, sai ga waya ranar Litinin: wata ƙungiya tana son sa, ya hau jirgi yau. Da aka ce masa ranar Lahadi mai zuwa da tsohuwar ƙungiyarsa za su kara, sai ya ce wa Latrice dacewa ce kawai, ba wata manufa. Ta ce masa to.

Abu ɗaya yake bukata, ya sa riga ranar Lahadi. Ba kowa ake ba riga ba. Wanda ba a ba shi ba yakan tsaya a gefen fili da kayan gida, hannu a aljihu. Kuma mutum mai shekara talatin da ɗaya, in aka yi wata guda ba a gan shi yana gudu a fili ba, waya ta daina ƙara ke nan har abada.

A ɗakin cin abinci ya ɗebi kaza da dafaffen dankali ya nemi kujera. Cedric Boudreaux, wani mai tsaron baya da suka sha gwabzawa a fili, ya ture masa ɗaya da ƙafa.

"Jama'a, a yi shiru, ga ɗan rahotonmu ya iso."

"Bakinka dai bai mutu ba, Ced. Bara da na wuce ka, sai da ka nemi taswira kafin ka gane hanyar gida."

Teburin ya ɗauki ihu. Cedric ma ya yi dariya, ya goge baki.

"Ka wuce ni, ban musa ba. Amma tsoho, shawara kyauta: kada ka kwance jakarka. Ko buroshin haƙori bar shi a ciki."

"Me kake nufi?"

"Kai fa ba yaro ba ne. Wa ya yi maka magana a fili yau? Jira dai ka ga wane koci zai aiko a kira ka."

Bai gama cin kazar ba aka aiko. Ba kocin masu cafe ƙwallo ba ne ke neman sa. Koci Dombrowski ne, shugaban masu tsaro, mutumin da aikinsa duka shi ne hana irin su Rondell taɓa ƙwallo.

Ɗakin babu haske sai na allon bidiyo. A kan allon an tsayar da hoton Wyatt Lindqvist, mai jefa ƙwallo na tsohuwar ƙungiyarsa, ya sunkuya a bayan layi, hannunsa ɗaya a kan hular kwano. Wannan hannun ne ya jefa wa Rondell kusan duk ƙwallon da ya taɓa cafewa a sana'arsa.

"Zauna, Tibbs. Kofi?" Dombrowski bai jira amsa ba. "In ya dafa hula haka, me yake gaya muku?"

"Koci, ka ga atisayen safe?"

"An ce ka yi ƙoƙari. In ya dafa hula fa?"

"Wa ya ce? Nuna min wanda ya kalla."

Dombrowski ya ajiye abin sarrafa bidiyon. Ba mugu ba ne, ya dai gaji ne, kamar mai sayen tsofaffin kaya da aka tsaya ana ba shi tarihin kujera.

"Ɗana, kowa haka yake yi. Su ma sun yi mana bara. Ka san inkiyar da yake yi muku da hannu, mu ba mu sani ba. Ka ba mu, mu gode, sannan a duba maganar Lahadi."

"A duba."

"A duba."

"Hannun nan," Rondell ya ɗaga su, yatsu biyu a karkace tun karayar da ba ta ɗoru daidai ba, "na zaci su kuka saya."

"Masu hannu muna da su shida."

Ya miƙe har kujerar ta kife. Bai ɗaga ta ba.

A wurin ajiye motoci iska mai sanyi tana kaɗa tutocin ƙungiya. Ya shiga motar hayar da aka ba shi ya rufe, ya bugi sitiyari har tafinsa ya yi zafi. Fushinsa kashi biyu ne: sun raina shi, kuma ya san saura kaɗan ya faɗa musu. Ana koya wa 'yan wasa tun suna makaranta cewa sirrin ɗakin sa kaya ba ya fita, kuma ba a taɓa gaya musu cewa masu koyarwar su ne masu sayen sirrin ba. Ya ciro waya ya kira Wyatt, don ya ji kansa yana faɗa wa wani cewa ya ƙi.

"Ron! Mutumina! Yaya garin sanyi? Sun ba ka riga mai kyau?"

"Sun sa ni a ɗaki da Dombrowski. Inkiyarka suke so. Na tashi na bar masa ɗakin."

Wyatt ya fashe da dariya, da abinci a bakinsa.

"Haba, kai ma dai! Koma ka ba su, ka ci albarkacinsu. Ka ba su duka, har ka ƙara da na ƙarya. Ai mun canza komai tuntuni."

"Kun canza."

"Kaf. Ko ni sai da na sha wahalar haddacewa."

"Yaushe?"

"Oho, an ɗan jima. Tun makon hutu muka fara zama a kai."

Makon hutu ya zo ne kafin a sallame shi. A lokacin yana cikin ƙungiya, yana zuwa kowane taro, kuma babu wanda ya koya masa sabuwar inkiya ko ɗaya.

"Makon hutu," ya ce a hankali. "Ranar Asabar ɗin makon hutu kana bayan gidana, Wyatt. Kai ka riƙe maƙatar gashin nama. Ka ci haƙarƙari faranti biyu, ka ce wa Latrice miyarta ta fi ta uwarka. Ka ɗora 'yata a wuya."

"Ron, saurara mana..."

"Na ce maka ina so in gyara rufin gidan nan, ka ce in gyara."

"An ce kada in faɗa! Me kake so in yi? Ni ma ma'aikaci ne kamarka. Sana'a ce, ɗan'uwa, ka fi ni sani."

"Sana'a ce."

"To! Ka gaida min Latrice. Ranar Lahadi ka zo mu gaisa kafin a fara, ka ji?"

Ya kashe wayar. Ya daɗe yana kallon bangon filin atisaye. Abin da aka kawo shi ya sayar ashe ba shi da daraja ko ta sisi, kuma amanar da ya kifar da kujera a kanta, shi Wyatt mai ita ma dariya ta ba shi. Sai wani abu ya faɗo masa, abin da ba ya cikin kowace inkiya. Duk lokacin da Wyatt zai yi doguwar jifa, yana yin wani ɗan motsi kafin a miƙo masa ƙwallo, bai ma san yana yi ba. Rondell ya gano shi tun shekararsu ta biyu. Bai gaya wa koci ba, bai gaya wa Wyatt ba, don kada a gyara, domin da shi yake sanin ƙwallo tasa ce tun kafin ta tashi. Ba a canza irin wannan a makon hutu.

Ya tarar da Dombrowski inda ya bar shi. An ɗaga kujerar.

"Ka huce?"

"Inkiyar ta mutu, Koci. Sun canza. In na ba ka, ranar Lahadi yaranka za su riƙa gudu inda babu ƙwallo."

Dombrowski ya ja tsaki ya jingina. "To, na gode da gaskiya. Sai ka bi ta ofis..."

"Amma na san lokacin da zai yi doguwar jifa. Kowane lokaci. Jikinsa ne ke faɗa, ba hannunsa ba. Ka kwana bakwai a kan bidiyon nan ba za ka gani ba, ni daga gefensa nake tsayawa."

Kocin ya gyara zama ya jawo biro. "Ina jin ka."

"Ranar Lahadi."

"Me?"

"Zan gaya wa Ced da bakina, a bakin fili, bayan an rera taken ƙasa. Da riga a jikina da hula a hannuna."

"Tibbs, ba ni ke raba riga ba."

"Ka san ofishin mai rabawa."

Dombrowski ya dube shi, ya dubi Wyatt da ke sunkuye a kan allo har yanzu. Ya ajiye biron ya miƙa hannu wajen wayar tebur.

"Ka san Litinin za su sallame ka duk da haka?"

"Na sani," in ji Rondell. "Buga wayar."