Gidan da Aka Kawo a Tirela

Ɗakin girki ne ya fara isowa, a bayan tirela, da tagarsa da famfonsa. Tsohon magini ya tsaya a bakin fili, jakar kayan aikinsa a kafaɗa, yana kallon ƙugiya tana lilo da ɗakin a sama kamar kwalin sabulu.

Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana ɗora bulo kan bulo. Rabin gidajen sabon rukunin da ke bayan gari aikin hannunsa ne, gidaje iri ɗaya a jere, har mai gida kan ɓata ƙofarsa. Can ya so 'yarsa Auta, ma'aikaciyar jinya, ta saya. In ta ƙi, ta bar shi ya gina mata a filinta.

"Rukunin ya yi nisa da asibiti, Baba," ta ce masa a watan jiya. "Kuma sai an jira shekara."

"To ni fa? Wata takwas, na miƙa miki makulli."

"Na masana'anta kwana ashirin ne."

"Gaggawar me kike yi haka?"

Ta kau da kai.

Yau ga shi ya zo da igiyarsa da cokalin gininsa, ko za a buƙaci ido. Shugaban ma'aikatan ya gaishe shi da ladabi, ya ce, "Baba, ɗan ja baya kaɗan, kada ƙarfe ya same ka." Ya ja baya. Ya zauna a kan wani katako, tari ya turnuƙe shi, ya daɗe kafin ya sake shi.

Kafin la'asar gida ya tsaya. Auta ta kama hannunsa suka shiga. Ya ƙwanƙwasa bango, ya ji amon ganga, ya taɓe baki.

"Ga naka, Baba."

Ɗakin na kusa da nata ne. Ƙofarsa ta fi sauran faɗi, ba dokin ƙofa, ba matakala. A banɗaki an kafa ƙarfen dafawa, wani kuma a gefen da gado zai zauna. Ya sha gina wa mutane irin wannan ɗaki. Ya san wanda ake yi wa shi.

"Ranar da likita ya ce in jira a waje," in ji shi a hankali, "me ya faɗa miki?"

"Baba, mu bar maganar."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya sauke jakar, ya jingina da bangon, ya sulale ya zauna a ƙasa.

"Aikin ba laifi," ya ce. "Zo ki cire mini takalman nan, ƙafar ta kumbura."

Ta durƙusa. A waje tirela ta tayar da inji, ta tafi.