Kwakwar Aristides

Da ƙaramar hukumar Puerto Almejal ta sanar za ta yashe tashar jiragen ruwa, ba wanda ya kai Doña Fidelina murna. Kifi da ayaba take soyawa a bakin gaɓa, ga shi laka ta cike mashigin har masunta sun koma sauke kifinsu a wani gari. Murna ta koma ciki ranar da ta tarar an shafa wa kwakwar Aristides jan fenti, alamar za a sare ta.

A garin nan in an haifi yaro, binne cibiyarsa ake yi a dasa kwakwa a kai, su girma tare. Aristides ɗan Fidelina ne tilo. Yana saurayi ya fita kamun kifi, teku ta riƙe shi, ko hularsa ba a gani ba. Ba shi da kabari. Bishiyar nan ce ta rage mata, a gindinta take kunna masa kyandir, a nan take yi masa faɗa in ranta ya ɓaci.

Aka kira taro. Injiniyar aikin, wata siririyar 'yar birni mai suna Yurani, ta nuna inda za a gina bangon tare ruwa da hanyar shan iska, ta ce dole itatuwan bakin gaɓa su tafi. Fidelina ta miƙe. Maimakon ta faɗi abin da ke cinta, sai ta wanke yarinyar tas, har takalmanta ba ta bari ba. Halinta ke nan, gara a ce ta yi masifa da a ga hawayenta.

Casimiro mai zarto ne ya fasa maganar. Da aka tura shi ya sare kwakwar, ya ajiye zarton ya ce shi ba zai sare abokinsa ba, a nemi wani. Yurani ta tambayi dalili, ya gaya mata.

Da yamma sai ga ta a rumfar Fidelina.

"Mama, me ya hana ki faɗa mini?"

"Wa ya tambaye ni? Kun zo da fentinku kamar dillalan shanu."

"Ba zan yi miki ƙarya ba, Mama, bangon ba zai matsa ba. In ya matsa, ruwa zai cinye rumfunan nan duka."

Fidelina ta san gaskiya ce, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Duk da haka ta zuba mata kifi, tana mitar ramar yarinyar.

Ranar da za a fara aiki Fidelina ta ƙi fita. Ta rufe ƙofa tana jiran kukan zarto. Sai ta ji rurin babbar mota yana matsowa layinsu. Ta leƙa. Ga kwakwar a jingine a bayan motar, saiwa da ƙasa dunƙule guda an naɗe da buhuna, masunta na riƙe da igiyoyi. Yurani na gaba, laka har gwiwa. Ta ce sun haƙa da faɗi da zurfi, har ƙasar da aka binne cibiyar, ba abin da suka bari a can, ta tambayi inda za a dasa.

Fidelina ta nuna gefen tagar ɗakin Aristides. Sannan ta riƙe hannun yarinyar gam, ta bar hawayen suka zubo a gaban kowa.

"Na roƙi teku ta dawo mini da shi har na gaji," in ji ta. "Ashe ke za ki kawo mini shi gida. Allah ya yi miki albarka, 'yata."