Muryar Hassana a Gonar Gyaɗa

Rumaisa tana shekarar ƙarshe ta karatun kula da lafiyar ƙwaƙwalwa aka tura ta wani ƙaramin asibiti a ƙauyukan Tofa. Malaminta, Dakta Tahir, ya ba ta takardar tambayoyi da aka tsara a Turai, aka juya ta zuwa Hausa a Kano. Kowace tambaya amsa biyu gare ta, e ko a'a.

A mako na biyu Inna Hussaina ta zo awon hawan jini. Tsohuwa ce mai fara'a, ƙafafunta duk ƙasar gona. Rumaisa ta nemi izininta ta kunna rikoda a waya, ta bi tambayoyin har ta iso ta goma sha ɗaya.

"Inna, kina jin muryar da sauran mutane ba sa ji?"

"Ina ji mana. Hassanata ce. Shekara tara ke nan da rasuwarta, amma in na sunkuya a gonar gyaɗa takan taya ni hira."

Rumaisa ta san irin wannan. Kakarta ma har ta koma ga Allah tana yi wa marigayi mijinta mita, ba wanda ya taɓa cewa ta zautu. Amma takardar ba ta da gurbin wannan, kuma a aji an koya mata sunan abin da Turanci. Ta yi alama a kan e.

Alamar nan ce ta kai tsohuwa birni, inda wani likita ya duba takardar ya rubuta mata ƙwayoyi.

Bayan wata guda Rumaisa ta bi ta gida. Gero ya yi tsayi har ya rufe hanya. Ta same ta a rumfa, hannunta na rawa, idonta a bango. Ɗanta Mati ya ce kwana goma ke nan ba ta leƙa gona ba.

"Inna, ya jiki?"

Ta daɗe kafin ta juyo.

"Hassana ta daina zuwa, 'yar nan. Na sunkuya har bayana ya ƙage, shiru. Wancan karon gari ya zo mini gaisuwa. Wannan karon wa zan gaya wa an yi mini rashi?"

Washegari Rumaisa ta je ofishin Dakta Tahir ta kunna masa hirar. Nan ta ji abin da ta manta. Bayan amsar, tsohuwa ta yi dariya ta ce, "Bari ma ki ji abin da ta ce mini jiya." Sai ga muryar Rumaisa, cikin sauri: "Inna, e ko a'a kawai."

Dakta ya cire tabarau.

"Shekara ashirin ina koyar da takardar nan," ya ce. "Waɗanda suka rubuta ta ba su taɓa zama da tsofaffinmu ba. Ni a hannun tsofaffin nan na tashi, kuma ban taɓa buɗe baki ba."

Ya kira likitan, aka riƙa rage maganin har aka daina. Rawar hannu ta tafi. Hassana dai ba ta dawo ba.

Ana cikin cirar gyaɗa Inna Hussaina ta kwanta kwana uku, ta cika. Da Rumaisa ta je gaisuwa, Mati ya ce mata a makonnin ƙarshe kullum da hantsi tsohuwa takan tsaya bakin gona ta yi sallama, ta jira, ta sake yi.

"Ko ta taɓa faɗa maka irin hirar da suke yi?" in ji Rumaisa.

"Ai ba mu taɓa tambaya ba, Malama. Tsakaninsu ne."

Yanzu Rumaisa tana aiki a Dawakin Tofa. Marasa lafiya sun san ta da dogon saurare, abokan aiki na ƙorafin layinta ba ya tafiya. Duk sanda tsoho ya ja numfashi zai yi magana, sai ta ajiye biro ta haɗa hannuwanta ƙarƙashin tebur, ta bar shi ya kai aya.