Ranar da Aka Ɗauke Gurup

Tun da aka gina gidan likita a wani ƙauye da ke kan hanyar Gidan Sori, Rabo ne mai gadinsa. Shi ne kuma mai kula da gurup, tsohon injin da ke ba su wuta. Shi ke zuba masa man gazuwal, ya goge masa jiki, ya yi ta jan igiya har ya tashi yana tari da baƙin hayaƙi. Ɗakin Rabo da matarsa Mariya yana dab da rumfar injin, duk wankin da ta shanya sai ya kwashi warin mai.

"Malam, wannan abokin naka shi zai ga bayanmu," in ji ta, tana kaɗe zane. Rabo dariya kawai yake yi.

Wata damina magajin gari ya ce gine-ginen gwamnati na yankin, da lakol, wato makaranta, da buron ma'aikata da gidan likita, duk za su bar ƙona mai su koma hasken rana. Ma'aikata suka zo daga Maraɗi suka kafa rumfar ƙarfe a tsakar gidan likita, suka jera allunan hasken rana a kanta. Da aka kunna, fitilu suka kama, firigon alluran rigakafi ya ɗauki sanyi, babu ƙara babu hayaƙi. Kowa ya yi murna. Rabo ma ya tafa, amma jikinsa a sanyaye.

Majo Safina, shugabar gidan likitan, ta same shi a rumfar injin.

"Baba Rabo, gobe za a kai gurup ma'ajiyar magajin gari."

"To, ɗiyata. Allah ya sa hakan ya fi alheri."

Da safe Gidaɗo mai amalanken shanu ya zo. Rabo ya shimfiɗa buhuna kafin a ɗora injin, ya ɗaure shi da hannunsa, ya bi amalanken har bakin gari yana ta jaddada wa Gidaɗo ya bi sannu in ya kai gangare.

Bayan nan sai ya zama ba shi da wurin zama sai rumfar da babu komai cikinta. Tuwo ma kaɗan yake taɓawa. Mariya ta zuba masa ido kwana da kwanaki, sannan ta yafa mayafi ta nufi buron Majo.

"Majo, ni na fi kowa ƙin injin nan, amma kin ga maigidana yana ramewa. Mutum ne da bai iya zama hannu sake ba."

"Inna, ai dama ina nemansa," in ji Safina. "Tantabaru sun ɓata allunan, ga ƙurar hanya. In ba a wanke su, wuta raguwa take, allurai kuma su lalace."

Da Rabo ya ji, ko karin kumallo bai tsaya yi ba. Ya ɗauko bokiti da tsumma, ya jingina tsani. Bai yi nisa da hawa ba gwiwarsa ta soma rawa, ƙasa ta juya masa. Ya sauko a hankali, ya tsaya riƙe da tsumman, ya kasa kallon kowa. Ga mata cike da tsakar gida, sun kawo yara rigakafi.

Mariya ta karɓe tsumman daga hannunsa. Ta ƙara ɗaure zanenta.

"Mi za ki yi?"

"Riƙe mani tsani, Malam. Kai ka san aiki, ni ke da gwiwa. Faɗa mani inda zan goge."

Ta hau, matan suka ɗauki shewa. Rabo ya rungume tsanin kamar wani zai ƙwace masa, muryarsa ta dawo.

"A hankali! Kada ki danna da ƙarfi, gilashi ne. Ta gefen gabas, can kin bar wuri."

"Na gani! Ka cika mani kunne."

Da ta kai ƙarshen layin sai ta tsaya, ta sa hannu a goshi tana hangen yamma.

"Lafiya?" in ji Rabo.

"Malam, daga nan ana ganin gonarmu. Wake ya yi fure."

Cikin satin Majo ta sa aka ɗaura tsumma a kan doguwar gora, yadda Rabo zai iya wankin daga ƙasa. Ya karɓa ya yi godiya, yana kuma aiki da ita. Sai dai ran kasuwa, bayan sallar asuba, su biyu suke fitowa da tsani, don Mariya ta ce gorar ba ta kai tsakiya.