Wa Zai Ɗaga Rariya

Reino Salmela ya shigo shagon abincin Marlys da safiyar Asabar, ransa a ɓace tun daga gida. Bai gaida kowa ba. Ya rataye hularsa a ƙusa, ya ja kujerarsa ta bakin taga ya zauna yana kallon tafki. Ganyen itatuwan bakin ruwa duk ya yi ja, kuma ko yaro a garin Norrvik ya san in ganye ya yi ja, to an kusa shimfiɗa ƙanƙara a zauren kwaleji, 'Yan Gatari, ƙungiyar kwalejin, sun kusa fara kakar hoki, wasan da ake yi da sanda da ɗan faifai a kan ƙanƙara.

Abokansa biyu sun riga shi zuwa. Orville Tessier, ƙaton mutum mai sayar da tayoyi, wanda ba ya iya magana a hankali ko a coci ne, da Gus Lindahl, tsohon mai raba wasiƙu, siriri, mai yawan murmushi. Su ukun nan tun ba su da furfura suke zama layi ɗaya a zauren wasa, a bayan ragar baƙi, kuma kowace shekara kafin a fara wasa sai sun zauna a wannan tebur sun yanke wa ƙungiyar hukunci.

"Bana ma ba inda za mu je," in ji Orville, yana yanka ƙwai kamar ƙwan ne ya yi masa laifi. "'Yan bayanmu biyu na kirki sun gama karatu sun tafi. Wa aka kawo? Yara. Ɗayan ko gemu bai fito masa ba."

Gus ya ce, "Ai na ga yaron nan da koci ya ɗauko daga Kanada. Yana da gudu, Orv. In ya ɗauki faifai..."

"In ya ɗauki faifai sai ya kai wa wa? Kai fa kowace shekara sai ka ga wani yaro mai gudu. Bara ma ka ga wani, ya yi ta gudu har ya gudu gida wurin uwarsa kafin Kirsimeti."

"Amma gabanmu ba laifi."

"Gabanmu! Mutanen da ko an cire wa abokan karawa mutum ɗaya ba sa iya ci? Ni da Marlys in aka ba mu takalmi sai mun fi su."

Marlys da ke zuba wa Reino kofi ta ce, "Cire sunana a bakinka, Orville, ka ci abincinka kafin ya huce."

Reino dai ya ci gaba da shan kofinsa. Ya san duk wannan zagaye ne, ya san inda maganar za ta sauka. Wasan farko na bana a gida za a yi, da 'Yan Hasumiya na kwalejin ƙetaren tafki, waɗanda mutanen Norrvik ba sa ko son jin sunansu. Golan da zai tsare musu raga kuwa Kalle ne, ɗan Reino na cikinsa, wanda ya yi shekara biyu da rigar 'Yan Gatari, sannan da bazarar nan ya tattara kayansa ya koma can. Da safen nan ma a kan haka suka yi da matarsa Lorraine. Ta ce ita ɓangaren baƙi za ta zauna, da rigarsu a jikinta, duk wanda ya ga dama ya mutu.

Da Reino ɗan kallo ne kamar kowa, da abin ya zo da sauƙi. To shi ne mai rariya. Tsohuwar rariyar ƙarfe ce ta tankaɗe gari, ya ɗaure ta da waya a kan karyayyiyar sandar hoki. Duk lokacin da 'Yan Gatari suka ci, sai ya miƙe ya ɗaga ta ya nuna golan baƙi, zaure duka ya ɗauka, "Rariya! Rariya! Rariya!" wato kai gola komai ta jikinka yake wucewa. Ɗaliban kwaleji da duk rashin kunyarsu ba sa buɗe baki sai sun ga rariyar Reino ta tashi.

Orville ya ajiye cokali mai yatsu ya goge baki.

"To, mai rariya. Ka yi shiru kamar an aiko ka makoki. Tambaya ɗaya gare ni. In muka zura wa yaron nan, za ka ɗaga ko ba za ka ɗaga ba?"

"Yana da suna," in ji Reino.

"Na san sunansa. Za ka ɗaga?"

Gus ya ce, "Haba Orv, bari mutum ya sha kofinsa mana."

"Ba zan bari ba. Ba na so mu ci ƙwallon farko ta shekara, zaure ya juyo yana kallon layinmu, shi kuma yana zaune yana kallon takalminsa. In ba zai iya ba, ba abin kunya ba ne. Ya ba ni ita, ni in ɗaga."

Reino ya ajiye kofin a hankali. Mutum ne da ba ya ɗaga murya, a wurin yankan katako ma da hannu yake kiran mutane. Amma kunnuwansa sun yi ja.

"Kai in ba ka?"

"Me ya hana?"

"Kai har kana buƙatar rariya, Orville? Ai kai ba ka jira a ɗaga."

Gus ya sunkuyar da kai cikin farantinsa. Mutanen tebur na kusa suka daina tauna.

Abin da Reino yake nufi kowa a shagon ya sani, ba wanda dai ya taɓa faɗa a gabansa. A hunturun bara, a wani wasan da komai ya lalace, aka zura wa Kalle huɗu a jere, yana sanye da rigar gida. Zaure ya yi tsit. Cikin tsit ɗin nan wata murya ta tashi daga layinsu ta ce, "Rariya!" Sau ɗaya tak. Wasu 'yan giya a sama suka yi dariya suka maimaita. Tun da aka gina zauren ba a taɓa kiran golan gida da wannan suna ba. Ana iya zagin koci, ana iya zagin alƙalin wasa har kakansa, amma naka golan ba ka ce masa rariya. Kalle ya juyo ya dubi layin ta cikin ƙarfen hularsa, ya ga ubansa, ya ga wanda ke zaune kusa da ubansa.

"Duk hunturu na haɗiye maganar nan," in ji Reino. "Na zauna kusa da kai har aka gama kaka. Na ci abinci da kai a teburin nan. Ina jira ka buɗe wannan babban bakin naka ka ce, Reino, na yi kuskure. Ko sau ɗaya. Yau kuma ka dube ni ka ce in ba ka rariya ka nuna ɗana da ita?"

"Bakina ne ya suɓuce!"

"Bai suɓuce ka nemi afuwa ba."

Orville ya buga tebur har kofin Gus ya tuntsure. "To, tunda ka tono, bari in faɗa! Huɗu aka zura masa, biyu daga tsakiyar fili, kakata ma za ta tare su! Na faɗa, na ji kunya, na kwana ban yi barci ba. Amma saboda kalma ɗaya sai yaro ya bar garinsu? Wa ya riƙa kai shi atisaye da asuba shekarar da motarka ta mutu? Ni! Wa ya sayo masa safar hannunsa ta gola ta farko? Garin nan ne ya raine shi a kan ƙanƙara. Da wani wuri ya tafi, da na ce Allah ya kiyaye hanya. Amma 'Yan Hasumiya, Reino? Duk faɗin ƙasar nan, 'Yan Hasumiya?"

"Su ba su kira shi rariya da rigarsu a jikinsa ba."

"Ba su samu dama ba ne tukuna!"

Reino ya miƙe, kujerarsa ta faɗi baya. Marlys ta zo ta tsaya tsakaninsu da butar kofi a hannu.

"Ku dube ku, tsofaffin banza. Duk wanda zai yi dambe ya fita waje, ni ba a fasa min kaya. Orville zauna. Reino, je ka sha iska."

Ya fita ba hula. Iskar tafki ta buge shi a fuska amma ba ta rage masa zafi ba. Ya buɗe motarsa ta ɗaukar kaya ya zauna, bai tayar ba. Rariyar tana nan kwance a bayan kujera inda take kwana duk bazara. Abin da ya fi ci masa rai shi ne, rabin maganar Orville shi ma ya faɗe ta a zuciyarsa. Shi ma yana jin haushin yaron. Tun da ya koma can ba su yi wata magana mai tsawo ba, sai dai ta bakin uwarsa.

Ya ciro waya ya kira shi. Ya yanke shawara a ransa: ranar wasan zai ce bayansa na ciwo, ya zauna a gida. Ba zai ɗaga ba, ba kuma zai ba kowa ba.

Kalle ya ɗauka yana haki, ana jin ƙarar sanduna a bayansa.

"Baba? Lafiya? Yanzu muka fito atisaye."

"Lafiya. Dama in gaya maka ne, ranar wasanku da mu ba zan zo ba."



"Saboda me?"

"Bayana ne."

"Bayanka lafiyarsa ƙalau, Mama ta ce jiya kai ka sauke itacen hunturu kai kaɗai. Saboda rariya ce."

Reino ya waiga ya dubi rariyar a bayan kujera.

"Baba, kar ka yi min haka." Muryar yaron ta canza, ta koma irin ta ubansa in ransa ya ɓaci, ƙasa-ƙasa. "Ka san me za a ce? Za a ce Salmela ya dawo, an tausaya masa, ubansa ya ɓoye rariya don kar yaro ya yi kuka. A ɗakin canja kayanmu ma sai sun kashe ni da tsiya. Duk golan da ya shigo zauren nan an ɗaga masa. Ni ba gola ba ne?"

"Kai ɗana ne."

"A gida. Ranar nan ni baƙo ne, da rigar baƙi. Abin da ya kore ni bara, an kira ni da sunan ina naku. Yanzu ba naku ba ne ni, sai ku kira da hujja. In kun iya ci ke nan."

Reino ya gyara zama. "In mun iya? Kai yaro, ka iya bakinka."

"Na ga 'yan gabanku, Baba. Na yi shekara biyu suna buga min a atisaye. Ka zo da rariyarka, ka zo da filon da za ka ɗora ta a kai, don hannunka zai gaji da riƙo."

"Uku za mu zura maka kafin a tafi hutun farko!"

"To ka zo ka gani mana."

"Zan zo! Mara kunya kawai. Kana cin abinci kuwa a can?"

"Ina ci. Sai na gan ka."

Ya kashe wayar ya jefa ta kan kujera. Ya daɗe zaune yana huci, hannunsa a kan sitiyari. Sannan ya fito ya koma ciki.

An ɗaga kujerarsa, an goge teburin. Orville yana zaune ya harɗe hannuwa, ya ƙi kallon ƙofa. Reino bai zauna ba.

"Zan ɗaga," ya ce. "Da hannuna. In muka ci, zan miƙe in nuna shi kamar yadda nake nuna kowa."

Gus ya sauke numfashi. Orville ya buɗe baki zai yi magana, Reino ya ɗaga masa yatsa.

"Ban gama ba. Zaure duka zai faɗa, ɗalibai su faɗa, Gus ya faɗa, ni ma in faɗa. Ban da kai. Kai ka riga ka faɗi taka tun bara. Za ka zauna kusa da ni, bakinka a rufe. In na ji ko numfashinka ya yi kama da kalmar nan, ka nemi wani layin, ka nemi wani teburin."

Fuskar Orville ta yi jajir. "Ko biyar muka zura masa?"

"Ko goma."

"Wannan zalunci ne! Mutum ya jira bazara guda..." Ya dubi Gus, Gus ya dubi silin. Ya dubi Marlys, ta ɗaga masa gira. Ya ja tsaki mai tsawo, ya tura kofinsa gaba. "Zuba min, Marlys. Wasa ɗaya. Wasa ɗaya kawai, ka ji ko?"

"Duk ranar da ya shigo zauren nan."

Orville ya yi ƙunƙuni cikin kofi, amma bai ce a'a ba.

Reino ya zauna. Ƙwan da Marlys ta ajiye masa ya yi sanyi, ya ci a haka. Can Gus ya ɗan gyara murya, a hankali kamar mai taka sabuwar ƙanƙara.

"To yanzu, Reino, a ganinka nawa za mu ci ranar?"

Reino ya jefar da cokalin a faranti.

"Da waɗannan 'yan gaban? Mutanen da ke buga faifai a ƙirjin gola kamar an biya su? Je ka gaya wa yaronka mai gudu ya riƙa bugawa ƙasa, ta gefen da Kalle yake riƙe sanda, nan ne lagonsa. In ba haka ba, haka zan zauna da rariya a cinya har a tashi, yaron nan yana min dariya ta cikin hula."