Muryar Aiki

Malama ta dawo mini da littafina, ko'ina jan biro. A makarantarmu ta horon ma'aikatan jin daɗin jama'a, duk ɗalibar da ta fita ziyarar gidajen tsofaffi sai ta rubuta abu biyu: abin da ta gani, da abin da ta ji a ranta. A na farkon ba wadda ta kama ƙafata. Na biyun ne babu. Ƙarƙashin kowane shafi Malama ta rubuta, "Ke kuma fa?"

"Rahoto kike kawo mini," ta ce. "In ba ki shigo cikin rubutun nan ba kafin ƙarshen zango, sai dai ki maimaita shekara."

Na ce to. Me zan ce? Tun da Inna ta rasu, zuciyata ta zama kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta: taka ce, amma ka mintsina ba ka ji. 'Yan ajinmu kuwa, ko tsoho ya yi atishawa sai sun cika shafi da tausayi.

Da yamma na biya gidan Yaya, inda Baba yake tun da ɓarin jikinsa ya shanye. Ina shiga ɗakin idona ya kama aiki: taga a rufe, maganin rana bai taɓu ba, bakin tabarma ya naɗe, zai iya kayar da mutum. Na jawo kujera na karkata ta kaɗan, yadda aka koya mana, don kada wanda ake saurare ya ji an tsare shi da ido.

"Auta," Baba ya ce, "har yanzu in na ji abin dariya a rediyo, sai in juya in gaya mata."

Ya miƙo hannunsa mai lafiya. An hana mu taɓa mutum ba tare da neman izini ba, saboda haka hannuwana suna kan cinyata. Na gyaɗa kai, na sassauta murya.

"Wato kana jin kewarta."

Baba ya kalle ni. Sannan ya mayar da hannun cikin bargo.

"Wannan muryar ta aiki ce. Uwarki ce fa ta mutu, ba uwar wani ba."

Ko a nan ban ji komai ba. Na gyara bakin tabarmar na fita.

Washegari, wannan ziyarar ce na rubuta, duk da ba makaranta ce ta aike ni ba. A gurbin abin da na ji na sa: "Babu. Ya miƙo hannu, ni kuma ina duba tabarma."

Malama ta karanta a gabana. Ba ta ɗauki jan biro ba. Sai na ga ta karkata kujerarta kaɗan, ta ɗora hannuwa a cinya, ta sassauta murya.

"Wato kina jin kamar..."

Ashe haka muryar aikin take a kunne. Lallai wanzami ba ya son jarfa.

Ta ce yanzu kam na shigo cikin rubutun, ba sauran maimaita shekara. Na yi godiya, na wuce gidan Yaya kai tsaye. Baba yana jingine, rediyo na ta surutu. Na ture kujerar gefe na zauna a tabarma. Ban nemi izini ba, na cusa hannu cikin bargon ina lalube.