Ranar da Baba Walda Ya Rufe Bututu

"Kashe risho ɗin nan! Kashe!"

Baba Walda ne, maƙwabcinmu, ya faɗo min tsakar gida ko sallama babu, takalmi ƙafa ɗaya. Ni kuwa ruwan wanki nake ɗumamawa.

"Baba, yau kuma me bututun naka ya ce?"

Haka muke tsokanarsa. Da hannunsa aka haɗa bututun gas ɗin da ya ratsa bayan gidajenmu, shekara arba'in ke nan, kuma tun da ya ajiye aiki bai bar mu mun sha ruwa ba. Kullum sai ya ƙwanƙwasa shi ya kasa kunne, wai ƙarfe ma tsufa yake, ta ciki tsatsa ke cinsa. Ya rubuta wa kamfani har ya gaji.

"Ba wasa nake ba, 'yata. Saurara."

Na saurara. Wani siririn fito ne ke tashi ta bayan katanga, daidai tagar ɗakin da jaririyata ke barci. Sai warin gas ya buge ni.

Na kashe risho, na suri yarinyar, na bi gida-gida ina ihu a kashe wuta, kada wanda ya tayar da babur. Shi kuma ya nufi kejin ƙarfe na ƙarshen layi, inda ƙaton sitiyarin rufe bututun yake. Ashe bai taɓa mayar wa kamfanin da makullin kejin ba.

Sitiyarin ya ƙi motsi. Mijina da mai facin layinmu suka kama masa.

"Baba, bar mana, ji numfashinka!" in ji mijina.

"Ba ku san halinsa ba. Baya kaɗan tukuna, sannan gaba. In kun matsa masa, karyewa zai yi."

Ƙarfen ya yi ƙara, ya juya. Suka yi ta juyi, jijiyoyin wuyan Baba kamar su tsinke. Fiton ya ragu, ya ragu, ya ɗauke.

Baba ya zame ya jingina da kejin.

"Yarinyar fa?"

"Ga ta nan, Baba, lafiya lau."

Ya gyaɗa kai. Mun ɗauka hutawa yake, har mai faci na yi masa fifita da hula. Ashe rai ya yi halinsa. Wallahi har yau in na tuna dariyar da na yi masa, kunya nake ji.

Da matarsa ta iso ba ta yi kuka ba. Ta zauna a ƙasa, ta ɗora hannunsa a cinyarta, tana goge masa tsatsar da gefen mayafinta, yatsa bayan yatsa.